Wayoyi shida a bango: yadda ake ɗaura tamostat ba tare da an ƙona na'ura ba

Wani Alhaji daga Rayfield a nan Jos ya aiko da tambaya. Gidan da ya saya akwai babbar esi irin wadda iskarta ke bi ta cikin silin, tana sanyaya gida da zafi, tana kuma ɗumama shi da hunturu. Makunnin bango da ke sarrafa ta, wato tamostat, ya daina aiki, sai ɗansa ya zo masa da sababbi guda biyu daga Amurka. Ya kwance tsohon bai ɗauki hoto ba. Yanzu ga wayoyi shida suna leƙe daga bango: ja, rawaya, kore, fari, ruwan lemo, sai shuɗi da aka naɗe gefe ba a jona shi ko'ina ba. Mai gyaran wutar gidansa ya ce a bi launi kawai. Yana son ya san ko haka ne, ko zai iya yi da kansa, kuma ko na biyun zai yi aiki da ƙaramar esin ɗakin kwanansa mai rimot.

Alhaji, barka da hunturu. Ka kyauta da ka tsaya ka tambaya kafin ka ɗaure noti ko ɗaya, domin a wannan aikin kuskuren daƙiƙa guda ke cinye kuɗin wata guda. Za ka iya yi da kanka in kana da mitar awon wuta da haƙuri. Amma maganar bin launi ka ajiye ta gefe. Launin waya ba doka ba ne, al'ada ce kawai, kuma wanda ya ja wayar nan shekarun baya ba mu san ko ya bi al'adar ba. Ma'anar kowace waya tana can ɗaya bakin, a jikin fanel, wato allon haɗin wayoyin na'urar da ke cikin silin. Inda aka ɗaure ta a can, shi ne sunanta. Saboda haka aikin nan ba a bango yake farawa ba, a saman tsani yake farawa.

Bari in fara nuna maka abin da tamostat yake yi, don in ka gane wannan sauran duk sauƙi ne. A cikin na'urar ciki akwai ɗan ƙaramin taransifoma, bai fi girman dunƙulen hannu ba, yana karɓar wutar gida mai bolt 230 yana rage ta zuwa bolt 24. Wannan ƙaramar wutar ce ke zuwa bango ta wayar da aka ɗaure a harafin R. Tamostat shi kansa ba ya sanyaya komai, ba ya ɗumama komai. Ɗan aike ne mai ma'aunin zafi a aljihu. In ya ji ɗaki ya yi zafi, sai ya haɗa R da Y, wutar ta tafi na'urar waje ta ja kwantakta, wato babban makunnin da ke ba ta wuta, kwamfuresa mai matsa gas ta tashi. Ya haɗa R da G, fankar ciki ta juya. Ya haɗa R da W, hitar lantarki ta kama. Harafin C kuwa hanyar komawar wutar ce zuwa taransifoma, ita ce ke ba tamostat damar cin wutar da zai kunna fuskarsa da intanet ɗinsa. Akwai kuma O ko B, wanda zan daɗe a kansa nan gaba saboda irin na'urarka. A al'adar Amurka R ja ne, Y rawaya, G kore, W fari, O ruwan lemo, C shuɗi. Launukan da ka lissafa sun yi daidai da wannan, kuma hakan alama ce mai kyau. Alama dai, ba tabbas ba.

Ga dalilin da ya sa nake jin tsoron maganar launi musamman a ƙasar nan. Mai gyaran wutarmu ya tashi ne a kan tsarin Ingila. A wurinsa ja ko ruwan ƙasa ita ce waya mai wuta 230, baƙi ko shuɗi ita ce nitiral, kore kuwa ta ƙasa ce. Hannunsa ya saba da haka har ba ya tunani. Akwai wani gida da aka kira ni a Abuja, wajen Asokoro, aka ce duk lokacin da aka kunna esi sai fuskar tamostat ta mutu. Na hau silin na tarar an cire koriyar waya daga G an ɗaure ta a jikin ƙarfen na'urar, wai an yi mata ta ƙasa. To a yawancin na'urorin nan ɓangaren C a haɗe yake da jikin ƙarfen. Da zarar tamostat ya nemi fanka, ya haɗa R da koriyar waya, sai wuta ta yi gajeren zango, fiyus ya tsinke. Sun canza fiyus har sau huɗu, daga ƙarshe wani ya naɗe gurbin da zaren waya, taransifoma ya ƙone. Warin ƙunar na nan a silin lokacin da na shiga. Mutumin da ya yi aikin ba jahili ba ne, ya iya wayarin gida sarai, iliminsa ne ya kai shi inda ba gonarsa ba. Wanda ya fi wannan muni shi ne a ga jar waya a ce ai wuta take nema, a ba ta 230. Nan take tamostat da fanel suke tafiya tare.

To ga yadda za ka yi. Je ka kashe bureka ta na'urar ciki da ta waje duka biyu, kada ka tsaya a kashe ta a bango. In gidan yana da janareto ko inbata mai kama kansa, tabbatar ba zai dawo da wuta a layin ba kana tsakiyar aiki. Ka gaya wa mutanen gida kada kowa ya taɓa akwatin bureka. Wutar bolt 24 ba ta da haɗari sosai ga mutum, amma inda za ka sa hannu a cikin na'urar akwai 230 a kusa da ita, kuma R in ta goga C ko ƙarfe da wuta a jiki, fiyus ya tafi. Kafin ka hau, naɗe wayoyin bangon a jikin fensir ko ka manne su da salatif. Na sha ganin waya ta sulale ta koma cikin bututu, aikin rabin awa ya zama fasa bango.

Hau silin da fitila, ka taka kan katako ba kan silin ɗin ba. Kwance murfin na'urar, gwada da mita ka tabbatar babu wuta, sannan ka nemi inda siririyar wayar nan mai launuka ta shigo. Za ka ga ko dai jerin ƙananan notuna da haruffa a gefensu, ko kuma wayoyi da aka murɗe da 'yan huluna na roba. Ɗauki hoto da wayarka, guda uku ko huɗu, ta kusa yadda haruffan za su fito. A bayan murfin galibi akwai zanen wayarin na'urar a manne, shi ma ɗauke shi. Sannan ka rubuta a takarda: ja tana kan kaza, fari tana kan kaza. Duba shuɗiyar nan da kyau. Tunda a bango ba a jona ta ba, mai yiwuwa a can ma a naɗe take. In haka ne ka yi sa'a, domin ita za ka fere ka ɗaura a C, ka samu wayar da sabon tamostat ya fi bukata.

Akwai tarko guda a haruffan ma. A wasu tsofaffin na'urorin Trane da American Standard, harafin B shi ne C. A na Rheem da Ruud kuwa B na bawul mai juya gas ne. Harafi ɗaya, aiki biyu da ba su haɗa hanya ba. In ka ɗauki B irin ta farko ka sa ta a gurbin O/B na sabon tamostat, ka haɗa R da C ke nan da hannunka. Zanen bayan murfin ne zai raba gardama: bi layin da ido, in ya koma jikin taransifoma kai tsaye, C ce.

Wani abin da ke faruwa a gidajen da aka daɗe ana gyara shi ne a tarar an yi jonin waya a tsakiyar hanya. Ɓera ya ci wayar a silin, wani ya zo ya ƙara guntu da abin da ya samu, sai waya ta tashi fara daga na'ura ta iso bango da wani launi. In launukan can da na bango ba su zama ɗaya ba, ko kana da shakka, ga gwaji mai sauƙi. Wuta a kashe, cire wayoyi biyu daga fanel ka murɗe bakinsu tare, ka sauko bango ka sa mita a saitin da take yin ƙara in hanya ta haɗu. Biyun da suka yi ƙara su ne su. Haka za ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kana manna wa kowace ɗan tef da harafinta.

Tun kana can sama, karanta farantin da ke jikin na'urar da na taransifoma. Wutarmu 230 ce mai juyi 50 a daƙiƙa, ta Amurka juyinta 60. Na'urar da aka ƙera don 60 kaɗai in aka kawo ta nan kwamfuresarta na tafiya a hankali, ƙarfinta ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida, taransifomanta kuma yana ɗaukar zafi fiye da kima. In ka ga an rubuta 50/60, hankalinka ya kwanta. Duba fiyus ɗin fanel ma, ɗan ƙarami ne irin na mota, yawanci amfiya 3 ko 5. Sayi guda biyu ko uku ka ajiye, masu kayan wutar mota duk suna da shi. Kuma kada a taɓa sa wanda ya fi lambar da aka rubuta.

Yanzu mayar da murfi, domin wasu na'urorin suna da makunni a bakin murfin, ba sa ba da wuta in yana buɗe. Raba wayoyin bangon kada wata ta taɓa wata, kunna bureka, sa mita a ɓangaren awon bolt na AC, wato wuta irin ta gida ba ta batir ba, ka auna tsakanin R da C. Abin da ake so shi ne 24 zuwa 28. In ka ga sifili, ko fiyus ne, ko taransifoma, ko ɗan makunnin da ke yanke wuta in ruwan esi ya cika tire. Ka ga ke nan mai yiwuwa tun farko ba tsohon tamostat ne ya lalace ba. In kuwa mita ta nuna 220 ko kusa da haka, tsaya nan, mayar da tamostat ɗin ɗanka cikin kwalinsa. Wannan wani tsari ne dabam, irin na otal-otal da manyan ofisoshin Abuja masu sanyaya ruwa a wuri guda su rarraba shi ɗaki-ɗaki. Tamostat ɗinsu wutar gida yake ci kai tsaye, yana da L mai wuta da N ta nitiral, da wayoyi uku na gudun fanka, da ta bawul ɗin ruwa. A ido sun yi kama da juna a bango, a ciki babu abin da ya haɗa su. Haka nan in ka tarar da wayoyi biyu kacal da aka rubuta P1 da P2, irin na Daikin, wannan ba makunni ba ne, magana ce tsakanin fanel da fanel, kuma sai na kamfanin ne zai ji yaren.

Awon nan ka yi shi sau biyu, da rana da kuma bayan magariba lokacin da unguwa duka ta kunna kaya. In wutar gida ta sauka zuwa 180, abin da taransifoma zai bayar zai iya faɗowa wajen 20 ko ƙasa. A nan kwantakta ba ta iya riƙe kanta, sai ka ji tana kar-kar-kar a na'urar waje, tana kamawa tana saki, bakinta na ƙonewa, kwamfuresa na shan wahala. Mutane kan ɗora wa tamostat laifi alhali wuta ce ba ta kai ba. Maganin wannan na'urar kariya ce da ke yanke wuta in ta yi ƙasa ko ta yi sama, ta kuma jira kafin ta dawo da ita, irin wadda muke kira AVS. A Jos ga tsawar damina kuma, saboda haka ni ba na barin babbar esi babu kariya.

Kafin ka huda bango, dubi wurin. Tamostat zafin inda yake kaɗai ya sani, ba ya ganin sauran gidan. Wurinsa bangon ciki ne, kimanin mita ɗaya da rabi daga ƙasa, inda iska ke zagayawa kuma mutane ke zama. Ba bangon da rana ke duka ta waje ba, ba kusa da kicin ba, ba saman talabijin ba, ba bayan labule ko ƙofa ba, ba kuma inda iskar esi ke hurowa kai tsaye ba. A gidajenmu na bulo da siminti bangon yamma yana riƙe zafin rana har bayan isha'i, tamostat ɗin da ke jikinsa zai yi ta aikin banza alhali falo ya yi sanyi. In tsohon wurin ya cika waɗannan sharuɗɗa, bar shi a nan. Abu ɗaya da kusan kowa ke mantawa shi ne ramin da wayar ta fito. Bututun nan yana haɗe da silin, da rana yana kawo zazzafar iska daga ƙarƙashin kwano, da asubar hunturu yana kawo sanyi, duk a bayan ma'aunin. Toshe shi da ɗan abin liƙe ko soso. Na ga wannan kaɗai ya gyara bambancin digiri biyu.

Kashe wuta kuma, ka ɗaura gindin tamostat da fisha da sukuru, a miƙe. Fere bakin kowace waya kamar santimita ɗaya ko ƙasa kaɗan, ka yanke tsohon bakin da ya yi baƙi ko ya lanƙwashe. Jan ƙarfe ya shige rami duka, kada ya rage a waje inda zai taɓa maƙwabciyarsa. Bayan ka ɗaure, ja kowace a hankali ka ji ta kama. In sabon yana da Rc da Rh, kai kuma R ɗaya gare ka, duba takardarsa: wasu akwai ɗan ƙarfen da ke haɗa biyun sai a bar shi, wasu kamar tamostat samfurin Nest a ciki suke haɗawa da kansu. In wata rana za a ja sabuwar waya, a nemi mai lamba 18, kaurinta kusan milimita 0.8 murabba'i, mai 'ya'ya takwas ko da shida ake bukata, kuma kada ta bi bututu ɗaya da wayar 230.

Yanzu ga inda na ce zan daɗe. Na'urarka ba hita da esi ba ce aka haɗa wuri guda. Esi ce mai juyawa. Da zafi tana kwashe zafin ɗaki ta zubar waje, da hunturu ta juya ta kwaso ɗumin iskar waje ta kawo ciki. Abin da ke juya tafiyar gas ɗin wani bawul ne a na'urar waje, wayar ruwan lemo ce ke sarrafa shi. Ma'ana ko sanyi kake nema ko ɗumi, Y da G ne ke tashi, wayar O/B ce kawai ke faɗin wace hanya. Yawancin kamfanoni, irin su Carrier, Trane, Lennox da Goodman, suna ba bawul ɗin wuta ne lokacin sanyaya, wannan shi ne O. Rheem da Ruud suna ba shi lokacin ɗumamawa, shi ne B. Saboda haka da ka kunna sabon tamostat, dole ka shiga saitin mai ɗaurawa ka gaya masa abu biyu: cewa na'urar mai juyawa ce, da kuma O ce ko B. In ka nemi sanyi iska mai zafi ta fito, ko ka nemi ɗumi ta huro maka sanyi, kada ka kwance waya, kada kuma ka yarda wani ya ce gas ne ya ƙare. Saitin nan ne, canza shi ya wuce.

Farar wayar kuwa ita ce ke cinye kuɗi a ɓoye. A irin na'urarka ba a W1 take zama ba, gurbinta shi ne wanda aka rubuta Aux ko W2, in ji takardar tamostat ɗin. Tana kunna hitar taimako, wasu zaruruwan ƙarfe da ke yin ja a cikin na'urar ciki, masu cin kilowat 5 ko 10. Kilowat 5 a wutarmu ya haura amfiya 20, na 10 ya haura 40. An sa su ne saboda ƙasashen da ruwa ke daskarewa, inda ɗumin da za a kwaso daga iskar waje ba ya isa. Jos na kan tsauni kimanin mita 1,200 sama da teku, kuma kowa ya san asubar Disamba da Janairu a nan, yadda ruwan alwala ke yanka hannu. Duk da haka sanyinmu bai kai wanda zai gagari kwamfuresa ba. Matsalar ita ce tamostat da yawa an saita su su kira hitar taimako da zarar abin da ka nema ya ɗara zafin ɗaki da digiri ɗaya ko biyu. Ka dawo daga masallaci da asuba, ɗaki na 17, ka danna zuwa 25, sai hitar ta kama ba ka sani ba. Mitar kati ta fara gudu, in a kan janareto ne ka ji muryarsa ta canza, wani lokaci ya mutu. Shawarata, shiga saiti ka hana hitar taimako tashi, ko ka ɗaga tazarar da za ta jira sosai. In tamostat ɗin ba shi da wannan saitin, naɗe farar wayar da tef ka bar ta a gefe. Gidanka zai yi ɗumi, sai dai a hankali, da ɗan kaso na wutar da hitar za ta ci.

Saiti na uku da nake roƙon ka kada ka taɓa shi ne jinkirin minti biyar na kwamfuresa. Lokacin da kwamfuresa ta tsaya, matsin gas a gefe guda yana sama, sai an ba shi lokaci ya daidaita. In ta tashi nan take tana ture kaya mai nauyi ne, ta ja wuta mai yawa, ta yi zafi. A Amurka wannan kariya ce ta lokaci-lokaci. A nan, inda ake ɗauke wuta a tayar da janareto cikin minti ɗaya, a dawo da wuta a sake juyawa, kariya ce ta kullum. In ka ga rubutu yana ƙyaftawa a fuskar tamostat esi ba ta tashi ba, jira yake yi, ba lalacewa ba ce. Na san masu gidan da suka sa aka cire jinkirin don ba sa son jira. Kuɗin kwamfuresa ɗaya ya sayi tamostat da yawa.

Ɗauke wutar nan ita ce kuma dalilin da ya sa na nace a kan shuɗiyar waya. Ba ka faɗi irin wanda ɗanka ya kawo ba. In irin Nest ne, wanda ya fara fitowa a 2011, wasu samfuransa an ce suna aiki babu C, suna tsotsar wuta kaɗan-kaɗan ta sauran wayoyi su cika batirinsu. Wannan dabara ce ta inda wuta ba ta yankewa. A nan in ya kwana babu wuta batirin ya sauka, tsotson nan ba ya cika shi da wuri, sai ya yanke intanet, wata rana ya mutu gaba ɗaya, ko ya riƙa sa kwantakta ƙara. Da C yana cika da sauri da zarar wuta ta dawo. In kuwa mai batir irin na rediyo ne, shi ma jona masa C, ka sa batir mai kyau, ka canza shi kowace shekara kafin ya zubar da ruwa ya ci ƙarfen.

Da ka kunna za ka iya ganin 75 ko 68 a fuska. Ma'aunin Amurka ne, 75 ɗinsu kusan 24 ne a namu, akwai wurin canza shi a saiti. Gwaji kuwa bi shi daki-daki. Fara da fanka kaɗai, ka ji iska na fita. Sannan ɗumi, ka fita waje ka ga na'urar waje tana juyawa, ka dawo ka sa hannu a bakin iska. Gwajin sanyi bar shi sai rana ta take, domin ba a son a sa esi sanyaya gida alhali iskar waje na ƙasa da digiri 15 ko 16. Bayan minti goma sha biyar tana aiki, iskar da ke fita ta fi wadda ke shiga sanyi da digiri 8 zuwa 11 in komai lafiya. In na'urar ta yi watanni bureka a kashe, kunna bureka ka bar ta awanni kafin ka tayar da kwamfuresa, man cikinta ya ɗumama. Kuma tunda ka riga ka hau silin, zaro matatar iska ka duba. Ƙurar hunturu takan toshe ta cikin 'yan makonni, kuma toshasshiyar matata na sa a zargi tamostat da laifin da ba nasa ba.

Garinmu yakan yi sanyi da safe ya yi ɗumi da azahar a rana guda, don haka saitin da ke juyawa da kansa tsakanin ɗumi da sanyi yana da amfani a nan fiye da Abuja. Amma ka bar tazara mai faɗi, misali ɗumi a 20, sanyi a 25, don kada na'urar ta riƙa faɗa da kanta. Ka kuma gaya wa yara danna shi zuwa 16 ba ya sa sanyi ya zo da sauri, daɗewa kawai yake sa ta yi tana aiki.

Tsohon da ka cire, buɗe shi ka duba. In ka ga 'yar kwalba da ɗigon ruwa mai ƙyalli kamar azurfa yana gangarawa, zaiba ce, kusan giram 3 a kowace kwalba, kuma guba ce. Kada a fasa, kada a jefa a bolar da ake ƙonawa, kada yara su samu su yi wasa da ita. Sa shi cikin gwangwani mai murfi, ka rufe, ka ajiye a sama nesa da hannu.

Esin ɗakin kwana kuwa, a'a, ba zai yi ba. Ƙaramar esi mai rimot ba ta da R, ba ta da Y, ba ta da bolt 24 da za ta ba bango. Ma'aunin zafinta yana cikinta, a bakin inda take shan iska, fanel ɗinta ne ke yanke shawara. Wasu kan yi dabarar sa rile, wato makunnin da tamostat zai riƙa kunnawa da kashewa, ya riƙa yanke mata wuta gaba ɗaya, ni ba na goyon bayan haka, musamman ga mai inbata wadda aka ƙera ta don ta riƙa rage gudu ba ta tsaya cak ba. In sarrafa ta da waya kake so, akwai ƙananan na'urori irin su Sensibo da ke kwaikwayon rimot, ana jona su a soket, babu wayar da za a yanka. Tamostat na biyun cire masa batir in akwai, ka sa hotunan fanel da takardar haruffan da ka rubuta a cikin kwalinsa, ka ajiye. Ranar da tsawa ta taɓa na bangon, minti goma ya ishe ka canza shi.